Tumbin Alhaji da Fuskar Waya

A layin shagunan Alhaji Maikano, nan Wudil, kafin ka gangara gada, akwai benci biyu ƙarƙashin wata rumfar kwano. Nan muke zama bayan La'asar. Shagon Ɗantani tela yana dama, shagon Ya'u mai sayar da waya yana hagu. Su biyun taubasai ne, saboda haka tun safe har rufe shago ba a rasa wanda ke tsokanar wani.

Alhaji Maikano tsohon dillalin shanu ne da ya huta da Kara, kasuwar shanu. Shi ne mai shagunan, shi ne kuma babban majalisar. Abu biyu yake zuwa da su kullum: filas ɗin jiƙo, da wayar da ɗansa Saifuddeen ya aiko masa daga Dubai. Wayar a aljihun gaba take zama don a gan ta. Wanda duk ya kalle ta sau biyu, Alhaji zai ce masa, "Inci shida da ɗigo takwas ce fuskarta. Saifuddeen ne ya faɗa mini. Ba irin ta nan ba ce."

Jiƙon kuwa labarinsa ya fi tsawo. Shekarun baya likita ya ce wa Alhaji ya rage tumbi. Wani ya haɗa masa sassaƙen maɗaci da saiwoyi, ya yi ta sha yana yamutsa fuska. Ana gab da Sallah ya zo awon kaftani. Ɗantani ya zagaya masa tef, ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Talatin da shida."

"Sake aunawa," in ji Alhaji. "Bara arba'in da bakwai ka ce."

Aka sake. Talatin da shida dai.

Tun daga ranar jiƙo ya zama farillar majalisa. In ka zauna a bencin nan, sai ka sha kofi ɗaya. Ɗacinsa yakan kwana a maƙogwaro. Bayan wani lokaci Alhaji ya sa aka auna mu ɗaya bayan ɗaya, kowa kuma ya ragu. Har Ya'u, wanda in ya tsaya a bayan turken rumfa sai an neme shi, shi ma ya ragu. Ni dai na sha nawa. Zariyar wandona tana ɗaure daidai inda take tun da, amma ba wanda ya tambaye ni.

Ya'u yana da ɗan 'yar'uwa, Garzali, wanda ya gama jami'a yana jiran aiki. Kafin aikin ya zo, sai ya kama yin bidiyon sharhin waya da Hausa. Kawun nasa zai ba shi aron sabuwar waya, shi kuma ya buɗe kwali a gaban kamara, ya yi bayanin batir da hoto da sauti, a ƙarshe ya ce a zo shagon Ya'u. Mutanen Achika da Kausani da Lajawa suna kallo sosai, domin yana magana yadda suke ganewa, kuma in abu ba shi da kyau yakan faɗa.

Wata Laraba ya zo da sabuwar shawara.

"Kawu, manyan masu sharhi na waje ba sa yarda da abin da aka rubuta a kwali. Aunawa suke yi da kansu. Mu nan karantawa kawai muke yi kamar masu jan baƙi."

"To auna mana," in ji Ya'u, yana lissafin cajar da aka kawo masa, bai ko ɗago ba.

Garzali ya duba shagon, babu rula. Ɗantani ya fita alwala, tef ɗinsa yana rataye a wuyan keken ɗinki. Garzali ya ɗauko, ya kafa kamara, allon shagon Ya'u yana bayansa ɓaro-ɓaro. Ya yi wa masu kallo bayani cewa fuskar waya a karkace ake auna ta, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya shimfiɗa tef. Ya ƙura wa lambar ido. Ya ɗauko wata wayar, ya ɗauko ta uku.

"Jama'a," ya ce, "kwali ya ce shida da ɗigo bakwai. Tef ya ce biyar da ɗigo ɗaya. Ina sauran?"

Kafin Ɗantani ya dawo daga masallaci, an mayar masa da tef wuyan keke, bidiyo kuma ya hau.

Garzali dai kamfanonin waya yake nufi. Amma mutanen gari ba su san inda kamfani yake ba, sun san inda Ya'u yake. Zuwa washegari masu acaɓa in sun wuce sai su rage gudu su ce, "Ya'u, ina sauran?" Mai shayi ya zuba masa rabin kofi, ya ce shi ma awonsa ke nan. Da farko Ya'u yana dariya. Da ya ji an fara cewa jabu yake sayarwa, sai dariyar ta ɗauke.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, wani manomi daga Lajawa mai suna Auta ya tsaya a bakin shagon. Tsohon abokin cinikin Ya'u ne.

"Salamu alaikum. Malam Ya'u, an tashi lafiya?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau, Malam Auta. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Mun gode Allah. Ya mutan Lajawa? Ya aka ji da aikin gona?"

"Da godiya. Ya haƙuri da jama'a?"

"Sai godiya."

Auta ya zaro waya a cikin leda, ya ajiye a kan kanta a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Wallahi, Malam Ya'u, ban zo da faɗa ba. Amma tun da yarana suka nuna mini bidiyon nan, in na duba sai in ga mutanen ciki sun matsu. Har mai wa'azin da nake saurare, kafaɗarsa ɗaya ba ta fitowa."

"Malam Auta, da can tana fitowa?"

"Da can ban lura ba."

Ya'u ya karɓi wayar bai yi gardama ba. Kafin a tashi kasuwa mutum uku suka biyo sawun Auta, waɗanda suka saba tsayawa kuma suka wuce shagon gaba suna kallon ƙasa.

Da La'asar Alhaji ya zo, ya buɗe filas, ya zuba wa kowa. Da ya zo kan Ya'u sai ya riƙe kofin bai miƙa ba.

"Ya'u, ni fa ban taɓa saninka da ha'inci ba."

"Allah ya taimake ka, wayoyin nan inda na saba ɗaukowa na ɗauko su."

"Na ji. Amma tef ɗin Ɗantani ba ya ƙarya. Ni shaida ne." Ya shafa gaban babbar rigarsa. "Ba zan so a ce a layina ake sayar da jabu ba. Ka wanke kanka kafin wata Juma'ar. In ba haka ba, ka san akwai masu neman shago."

Ɗantani yana ciki yana taka keke. Na lura ɗinkin ya ƙare tuni, ƙafarsa ce kawai ba ta tsaya ba.

Washegari da hantsi na zo karɓar rigata wajen Ɗantani, sai ga Garzali ya shigo da rular ƙanwarsa ta makaranta, Ya'u yana biye da shi. Idon Garzali ya yi ja. Ya auna waya da rula, ta ba da shida da ɗigo bakwai cif. Ya zare tef daga wuyan Ɗantani, ya shimfiɗa shi kusa da rula a kan teburin yanka. Ko ni da na koyi ɗigo a ajin manya na ga bambancin: incin tef ya fi na rula tsawo sosai. Inda rula ta ƙirga huɗu, tef yana kan uku da ɗan abin da ba a rasa ba.

"Na bincika," in ji Garzali. "Wannan incin 'yan Caina ne, nasu awon daban. Baba Ɗantani, ka san da wannan?"

Ɗantani ya leƙa waje, ya ja labule.

"Na sani mana. Ni mahaukaci ne? Tsohon tef ɗina ne ya tsinke, na sayi wannan a kasuwa, mutumin farko da na auna da shi Alhaji ne. Da ka ga fuskarsa ranar. Har shadda ya ba ni. Kai da kai ne, za ka ce masa a dawo da sha ɗayan?"

"Shekara da shekaru kana auna mutane da tef ɗin ƙarya," in ji Ya'u.

"Da shi nake auna mutum, da shi nake auna yadi. Wa ya taɓa dawo mini da riga? Ni ban aike ku ku ɗora shi a kan gilashi ba."

"To tsayin rigar fa? Ai shi ma ya ragu."

"Shi ba na faɗa da ƙarfi."

Garzali ya ce yanzu-yanzu zai yi sabon bidiyo ya janye maganarsa. Ya'u ya girgiza kai.

"Wa zai yarda? Cewa za a yi kawunka ya murɗe maka kunne. Alhaji ya riga ya tsaya wa tef a gaban jama'a. In dai bai janye ba, a layin nan tef ne mai gaskiya."

"To a faɗa masa," in ji Garzali.

"Ka faɗa masa tumbinsa yana nan?" in ji Ɗantani. "Ka ce masa duk maɗacin nan da ya sha a banza ya sha? Sai dai ni da kawunka mu kwashe kaya tare. Ni keke gare ni mai nauyi, ka tausaya mini."

Ya'u ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya yi tagumi. Can sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya dubi taubashinsa sama da ƙasa.

"Ɗantani, yau da La'asar ka rataya tef ɗinka a wuya, ka fito waje. Kada ka ce komai."

"Me za ka yi?"

"Na ce kada ka ce komai. Na san da wuya, amma ka gwada."

Sai suka tuna ina tsaye. Suka dube ni. Na ce rigata na zo karɓa.

Da La'asar majalisa ta cika fiye da kullum, don an ji Ya'u zai yi magana. Alhaji ya zuba jiƙo. Ya'u ya karɓa, ya shanye a tashi ɗaya, ya goge baki, ya miƙa kofin.

"Alhaji, a ƙara mini."

Tun da aka fara jiƙon nan ba a taɓa neman ƙari ba. Alhaji ya dube shi da mamaki, ya ƙara masa, fuskarsa ta saki.

"Allah ya taimake ka," in ji Ya'u, idonsa ya cika da ƙwallar ɗaci, "na yi tunani. Tef ba ya ƙarya, ka faɗa, mun ji. Ƙila ni ma cutata aka yi a wajen saro. Abin da nake roƙo shi ne a nuna wa mutane yadda waya ta asali take, don gobe su gane. To a duk Wudil ban san ta asalin da ta kai taka ba."

Alhaji ya gyara zama. "Wannan gaskiya ne."

"In ka yarda Garzali ya auna ta a gaban kamara."

"Me zai hana? Kai, yaro, kawo abinka. Ka ɗauko ni da kyau, ban da ta ƙasa."

Garzali ya kafa kamara. Alhaji ya zaro wayar, ya goge ta da hannun riga, ya ɗaga ta.

"Jama'a, wannan daga Dubai take. Ɗana Saifuddeen ne ya aiko. Inci shida da ɗigo takwas. Ɗantani, kawo tef ɗinka mai albarka."

Ɗantani ya miƙa kamar mai miƙa wuyansa. Garzali ya shimfiɗa daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Nawa?" in ji Alhaji.

"Biyar da ɗigo biyu, Alhaji."

Wani a baya ya fara cewa, "Ina sau..." aka zungure shi ya haɗiye.

"Ka karkata shi da yawa," in ji Alhaji. Ya karɓa ya auna da kansa, ya matso da shi kusa da ido, ya nisantar. Biyar da ɗigo biyu.

Ya'u ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo. "Allah sarki, Saifuddeen. Har Dubai ɗin ma ba a tsira ba. Sun ga baƙo sun cuce shi." Ya ɗan dakata. "Ko da yake yaran yanzu, wani sai ya sayi ta arha ya ce wa mahaifinsa..."

"Ya'u." Alhaji bai ɗaga murya ba. "Saifuddeen bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Tuba nake. To sai dai a gwada da rula, ko za a ji wata magana."

Garzali ya ɗora rula. Shida da ɗigo takwas, ba ƙari ba ragi. Sannan ya shimfiɗa tef da rula kafaɗa da kafaɗa a kan benci, inda kowa zai gani.

"To ga su nan," in ji Ya'u cikin ladabi. "Ɗaya ya ce Saifuddeen ya yi gaskiya, ɗaya ya ce bai yi ba. Mu dai ba mu da ta cewa. Kai ne babba."

Alhaji ya dubi wayar. Ya dubi tef. Ya dubi filas ɗin da ke gefen ƙafarsa. A ƙarshe ya sunkuya ya dubi gaban babbar rigarsa, ya daɗe a nan. Tsohon dillali ne, wanda yake kallon bijimi sau ɗaya ya faɗi nauyinsa, lissafin bai ɗauke shi lokaci ba. Ya ɗago ya dubi Ɗantani. Ɗantani ya kama duban rufin rumfa kamar yau aka kafa ta.

Wata tirela ta wuce ta nufi gada, muka ji ta har ta haye.

Sai Alhaji ya juya ga Garzali.

"Kai, a jami'ar nan ba a koya muku cewa kowane abu da ma'auninsa ba? Ka taɓa ganin an auna gero da tef? Ka taɓa ganin an auna bijimi da mudu? Tef ɗin tela na jikin ɗan Adam ne. Gilashi kuwa rula ce tasa. Ka ɗauko abin auna mutum ka ɗora wa waya, ka zo kana tambayar mutane ina sauran. Ga sauran nan a hannunka."

"Amma Alhaji, ai incin..."

Ya'u ya taka masa ƙafa. Na ga takun, ba na wasa ba ne.

"Kawo wayoyin Ya'u," in ji Alhaji.

Aka fito da su, har da ta Auta a cikin ledarta. Alhaji da kansa ya riƙa ɗora rula yana faɗin lamba, Garzali yana nuna kwali. Kowace ta cika. Alhaji ya fuskanci kamara, ya gyara hula.

"Ni Maikano na auna da hannuna. Wayoyin Ya'u cikakku ne. Wanda ya mayar da tasa ya zo ya ɗauka. Wanda kuma na sake ji ya ce ina sauran, ya zo nan ya tambaye ni, akwai jiƙo."

Garzali bai iya barin maganar haka ba. Da ya haɗa bidiyon, bayan jawabin Alhaji sai ya ƙara nasa: ya ba da haƙuri, ya nuna tef da rula, ya yi bayanin incin 'yan Caina, ya ce duk mai sharhi ya fara auna ma'auninsa kafin ya auna waya. Ɗantani ya kwana biyu yana zullumi. Amma Alhaji iyakacin inda ya fito yake kallo. Da jawabinsa ya ƙare sai ya mayar da bidiyon baya, ya sake daga farko. Mu dai haka muke gani.

Wata Juma'ar Auta ya zo ya karɓi wayarsa. Ya kunna, ya duba, ya ce lallai yanzu kafaɗar malam ta fito.

Da La'asar Alhaji ya buɗe filas. Ya zuba wa kowa kofi ɗaya, ya zuba wa Ya'u biyu.

"Tun da na ga yana karɓar ka," ya ce. "Daga yau naka biyu ne."

Ya'u ya dubi kofunan, ya dubi shagonsa inda mutum biyu ke jiran sa a bakin kanta, ya ce, "Na gode, Alhaji," ya ɗaga na farko.

Alhaji ya miƙe, ya shiga wajen Ɗantani da sabon yadi a hammata. Daga inda nake zaune ina hango su. Yanzu tef biyu ne a wuyan keke, don Garzali ya sayo masa sabo. Ɗantani ya tsaya hannunsa yana shawagi tsakaninsu.

Alhaji ya ɗaga hannuwa sama, ya ja numfashi ya riƙe.

"Tsohon," ya ce.